Tsohon saitin Ludwig: in sake yanka bakin kangon ko in bar shi yadda yake?

Ɗan Badujala ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa gyaran tsofaffin ganguna da hannunsu.

Wani tsohon saitin ganguna na kamfanin Ludwig na Amurka ne ya faɗo hannuna, mai ƙaramin tambarin nan na tagulla, cikin kangon, wato katakon jikin gangar, kuma an shafe shi da farin fenti. Guda uku ne: babbar ta ƙafa inci 22, ƙaramar ta sama inci 13, sai ta ƙasa mai ƙafafu inci 16. Wanda ya ba ni ya ce ya daɗe jingine a sito. Manyan biyun ba su da wata damuwa, goge su kawai na yi na sa sabuwar fata, amonsu kuwa sai wanda ya ji. Ƙaramar ce ta hana ni sakat. Fatar roba na sa mata, da ƙyar ta shiga, sai da na danna da tafin hannu. Ko yaya na ɗaure, akwai gefe ɗaya da ke yamutsewa, in na doka kuma sautin ya mutu nan take.

Da na cire fatar na duba, sai na ga zoben katakon da ke ciki ya rabu da jikin kangon, tsawon kamar yatsu huɗu, har farcena yana shiga. Bakin da fatar ke zama a kai kuma ba shi da kaifi irin na gangunan yanzu, a mulmule yake. Rigar robar da aka naɗe kangon da ita ta yi rawaya, ta kuma ɗan ɗaga a wajen gaɓa.

Wani abokina kafinta yana da injin gyaran baki. Ya ce mu ɓare rigar gaba ɗaya, ya yanka mini baki mai kaifi a digiri 45, mu goge katakon mu sa masa folish. To in ba shi? In kuma zan ɓare rigar, da wuta ake tausasa gam ɗin ko da tina?

Tsohon Kafinta ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Ɗana, ka dakata tukuna. Abin da abokinka yake shirin yi maka shi ne gyaran gangar Auzinawa.

Wannan bakin da ka ce a mulmule yake, ba cinyewa ya yi ba, haka aka yi shi. Kangon Ludwig na shekarun 1960 falle uku ne siririn katako, mahogani waje da ciki, fofla a tsakiya, sai aka ƙarfafa bakin sama da na ƙasa da zoben mapul. Bakin mai zagaye yana sa fata ta kwanta a kan katako da faɗi, shi ya sa sautin yake fitowa da kauri da ɗumi, bai cika dogon amo ba. Wannan sautin ne kake ji a manyan biyun har kake yabo. Ka yanka ƙaramar a digiri 45, za ta yi tsini ta yi ƙara, ta fita daban da 'yan uwanta, katakon da injin ya cinye kuma ba ya dawowa.

Maganar riga ta fi ma haɗari. A wancan lokacin kamfanin yana manna rigar ne tun katakon yana shimfiɗe, kafin a lanƙwasa shi, saboda haka bakin rigar ɗaya yana cikin gaɓar kangon, a cushe tsakanin katako da katako. Ba za ka ɓare ta ta fita salin alin ba. Sai dai ka yanke ta a gaɓar ka bar guntu a ciki, sau da yawa kuma tana tafiya da ɓawon fallen waje. Katakon da ke ƙarƙashi ba don a gan shi aka zaɓe shi ba, in ka sa masa folish ba zai burge ka ba. Wuta kuwa kada ka kuskura. Tsofaffin riguna masu ƙyalli da yawa na seluloyid ne, zafi kaɗan suke jira su kama, kuma suna ci da sauri ƙwarai. Rawayar ma ba datti ba ce, ta shiga jikin robar, goge-goge ba ya fitar da ita. Ni a wurina ado ce.

Ciwon gangarka biyu ne, kuma duka ba sa buƙatar inji.

Na farko zoben da ya rabu. Samu siririyar reza ko guntun samfefa ka zura cikin tsagar, ka kakkaɓe busasshen tsohon gam, don sabo ba ya kama tsohon. Ka zuba farin gam na kafintoci a sirinji, ka ɗan buɗa tsagar ka tura shi har ka ga yana tsattsafowa. Sai ka matse. Amma kada ƙarfen matsewar ya taɓa jikin ganga kai tsaye. Sassaƙa guntayen katako biyu da lanƙwasar kangon, ɗaya ciki ɗaya waje, ka sa tsumma tsakanin na wajen da rigar. Goge gam ɗin da ya fito da jiƙaƙƙen tsumma tun yana ɗanye, musamman wanda ya hau baki. Ka bar shi ya kwana ya wuni.

Bayan ya bushe ne za ka san gaskiyar bakin. Cire duk ƙarafa, ka kife kangon a kan gilashi mai kauri, ka kashe fitilar ɗaki, ka sa tocila a ciki. Ka sunkuya ka bi bakin da ido. Inda haske ya ɓullo ta ƙasa, nan ne ya lotsa. In ɗan zare-zare ne na haske, rabu da shi, fata za ta cike. In ya yi yawa, manna samfefa mai laushi a kan gilashin, ka zana bakin da fensir, ka juya kangon a hankali kamar sau biyu ko uku ka duba, ka tsaya da zarar fensirin ya goge ko'ina. Daga nan ka mayar da zagayen da hannu. Ba mamaki ka tarar bakin bai daidaita ba tun daga masana'anta. Bayan Ringo Starr, makaɗin gangar ƙungiyar Beatles, ya fito a talabijin ɗin Amurka da saitin Ludwig a watan Fabrairun 1964, oda ta yi wa masana'antarsu ta Shikago yawa har suna aiki dare da rana, ba kowace ganga ce ta samu natsuwar hannu ba.

Na biyu fatar. Kangon zamanin ya ɗan fi na yanzu faɗi, ga kaurin riga a wajen gaɓa. Kangon yau na inci 14, alal misali, yakan tsaya ne a inci 13 da bakwai bisa takwas don fata ta samu sarari. Naka ba shi da wannan sararin, shi ya sa kake dannawa. Fatar da aka danna da ƙarfi kuwa ba za ta taɓa ɗauruwa daidai ba. Nemi fatar Remo Classic Fit ko ta Aquarian American Vintage, don irin waɗannan gangunan aka yi su. Ka shafa ɗan kakin kyandir a bakin kafin ka ɗora.

Kuma kada ka sake fentin cikin. Duba da kyau, sau da yawa akwai hatimin ranar da aka yi gangar a jikin farin fentin.

Mai Sanduna Biyu ya rubuta:

Baba ya faɗi gaskiya a kan gam da fata, amma ni ban yarda cewa tsohuwar ganga ba a taɓa ta ba. Don kiɗa aka yi ta, ba don a ajiye a gidan tarihi ba. Na ga kangon da ruwa ya ci bakinsa har fallen ya wawware, wannan in ba a yanka ba sai dai a jefar. Abin da zan ce kawai, in ta kai ga yankan, a yanka shi da zagayen da ya zo da shi, ba 45 ba.

Malam Ɗan Badujala, auna faɗin kangon ma ta fuska uku, daga wannan gidan noti, wato ƙarfen da notin ɗaure fata ke shiga, zuwa wanda ke fuskantarsa. In bambancin ya wuce ɗaya bisa takwas na inci, kangon ya karkace. Ka ɗora zoben ƙarfen na sama, mai danne fata, a kan gilashin shi ma, wani lokacin shi ne mai laifin ba katako ba. Tsatsar jikin kurom kuma takardar alminiyam da ruwa ta ishe ka, kada ka sa soson ƙarfe mai kaushi.

Tsohon Kafinta ya rubuta:

Ai ba mu saɓa ba, ƙanena. Wanda ruwa ya ci daban ne. Nasa farce kawai ke shiga.

Uwar Ganguna ta rubuta:

Sannunku da ƙoƙari. Ni ta wani gefen zan shigo, don sabbi nake haɗawa a kan tsohon salo, kuma na lura hannun Ɗan Badujala da na abokinsa ƙaiƙayi suke yi. To ku sauke ƙaiƙayin a kan sabon katako. Ana sayar da kango tsirara, ba huda ba fenti, kamar na kamfanin Keller a Amurka, har da mai siririn falle da zoben ciki irin na da. A kansa abokinka ya gwada injinsa yadda yake so.

Ba ma salo ɗaya ba ne a da. Gretsch na wancan zamanin falle shida ne ba zoben ciki, bakinsa digiri 30, cikinsa fentin ruwan azurfa. Radio King mai wayoyi a ƙasa ta kamfanin Slingerland, wadda makaɗin jazz Gene Krupa ya yi suna da ita, katako ɗaya ne na mapul aka turara aka lanƙwasa. Kowanne da muryarsa. In kuma kuna son ku fara tun daga katako, mafi sauƙi shi ne a jera sanduna a tsaye a manne su su yi da'ira. Lissafin ba wuya: raba 180 da yawan sandunan. Sanduna 20, kowane gefe digiri 9. Kuskuren rabin digiri kuwa sai ya taru ya bar muku tsaga a gaɓar ƙarshe, don haka ku fara gwadawa da katakon banza.

Inda sababbin hannu suka fi ɓarna shi ne huda. Ni doguwar takarda nake naɗe kangon da ita, in yanke daidai inda ta haɗu, in ninke ta gida shida ko takwas gwargwadon gidajen notin, layin ninkin shi ne wurin huda. In manna tef a wurin, in tokare da guntun katako ta ciki don kada fallen ya tsage lokacin da bakin abin hudar ya ɓulla. In mai wayoyi a ƙasa ce, kada a manta a ɗan rage bakin ƙasa a gefe biyu inda wayoyin ke bi, in ba haka ba ba za su kwanta a fata ba, sai zuzzz ɗin da ba ya ƙarewa.

Ɗan Badujala ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na bi maganarka. Zoben ya kama, a gilashi kuma haske wuri ɗaya kawai ya fito, siriri, ban ma sa samfefa ba. Hatimin yana nan da jan tawada, 1966. Zoben ƙarfen sama ne ya ɗan karkace kamar yadda Mai Sanduna Biyu ya yi zato, yana rawa a kan gilashin. Fatar ba ta iso ba tukuna. Abokina dai bai ji daɗi ba, amma da na nuna masa lissafin Hajiya Uwar Ganguna ya ce zai gwada da ragowar katakon da ke shagonsa.

Saura gaɓar rigar da ta ɗaga. Da wane gam zan manne ta?

Tsohon Kafinta ya rubuta:

Ɗaga ta a hankali da katin roba, kada ka lanƙwasa ta baya, tsohuwar riga karyewa take yi. Kankare tsohon gam, ka shafa gam irin na manna fomeka siriri a fuska biyun, ka jira ya daina kama yatsa sannan ka haɗa. Sa tef a gefen gaɓar tun kafin ka fara don kada ya ɓata fuskar rigar. Kada ka yi amfani da gam mai kamawa nan take, yana barin farin tabo. Ɗora miƙaƙƙen katako a tsawon gaɓar ka matse sama da ƙasa zuwa gobe. Zoben ƙarfen kuma ka juya shi ka gwada na ƙasa a sama kafin ka nemi wani.