Kwamitin majalisa ya kira masunta zama: mu je, ko mu nufi kotu?

Sakataren Masunta: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ma'aikata ta tsawaita mana lokacin rufe kamun kifi, ta kuma hana raga mai ƙananan idanu, ba a zauna da mu ba. Yanzu kwamitin majalisa mai kula da kamun kifi ya sa ranar sauraron jama'a. Abin da ke asusunmu ba zai ɗauki tafiya da lauya gaba ɗaya ba. Wanda ya taɓa halarta ya faɗa mana, kwamitin na da ikon soke umarnin ma'aikata?

Mai Tanki: Ku koma kiwon kifi ku huta.

Malama: Wa alaikumus salam, Sakatare. Soke umarni aikin kotu ne ko ita ma'aikatar. Kwamiti yana kiran minista ya amsa tambaya, ya nemi takardu, ya tace ƙudurin doka, ya duba kasafin kuɗi, sannan ya kai rahoto zauren majalisa. Ko a Tarayyar Turai, inda yarjejeniyar Lisbon ta 2009 ta ba majalisa hannu a dokokin kamun kifi, yawan kifin da za a kama a shekara ministoci ne ke yankewa.

Tsohon Masunci: 'Yata, na je da ƙafata. Mu bakwai, muka sayar da kwale-kwale ɗaya don tafiyar. Tun hantsi muke zaune, jami'ai da masu manyan jirage suka cinye lokacin, mu aka ba mu minti biyar ana ta duba agogo. Takardar da muka kwana muna rubutawa, magatakarda ya karɓa ya ɗora a kan tari. Aka ce mu jira rahoto. Wa'adin majalisar ya ƙare, aka kafa sabon kwamiti, suka ce mu faro daga farko. Ƙanina da ya ba da kwale-kwalen har yau a jirgin wani yake aiki.

Sakataren Masunta: Allah ya mayar da alheri, Baba. Miƙa takardar ana biya ne?

Malama: Ba a biyan komai.

Tsohon Masunci: Mu dai wanda ya tsara mana ita ya ci kuɗin raga biyu.

Uwar Bakin Ruwa: Mu ɗalibi ya rubuta mana kyauta, muka haɗa da lissafin kamun kowane wata. Ɗan kwamiti ɗaya ya riƙe lissafin nan ya titsiye darakta da shi, aka sassauta mana wa'adin. Ku je da alƙaluma.

Tsohon Masunci: Malamar da ba ta taɓa jan koma ba ita za ta koya mana?

Malama: Ban ja koma ba, Baba, amma rufe kamun kifi ba mugunta ba ce kullum. A Kanada an yi ta kwasar kifin kod har ya kusa ƙarewa, a 1992 aka rufe, dubban mutane suka rasa sana'a.

Mai Tanki: A gayyato kifin ma ya ba da shaida mana!

Uwar Bakin Ruwa: Ni abin da ke ci mini rai manyan jiragen nan ne. Da dare suke shigowa yankin da aka ware wa ƙananan masunta, su share har ƙasa, su yayyage mana raga. Wa ya sa musu hannu a lasisi? Wannan ya kamata kwamiti ya tona.

Tsohon Masunci: Bara raga uku suka tafi mini da su, ko lambar jirgin ban gani ba.

Sakataren Masunta: Jama'a, saura kwana tara a rufe karɓar takardu.