Idan yarjejeniyar kamfanin waje ta ci karo da tsarin mulki, wanne alƙali zai bi?

Ɗalibin shari'a, Garwa:

Assalamu alaikum. Malamai da 'yan'uwa, ina neman ƙarin haske. Ana koyar da mu cewa kundin tsarin mulki shi ne uwar dokoki, kuma gabatarwar kundin Kamaru na 1996, wadda sashe na 65 ya ce ɓangare ce ta kundin, ta ba kowa haƙƙin rayuwa a muhalli mai lafiya. To amma bututun man da ya taso daga Doba a Cadi ya ƙare a Kribi a gaɓar tekun Kamaru, mai tsawon kimanin kilomita 1,070, yana aiki ne bisa yarjejeniyoyin da Cadi da Kamaru suka ƙulla da kamfanonin waje. Idan majalisa ta yi sabuwar doka don kare manomi, dokar kuma ta saɓa wa yarjejeniyar, wanne zai rinjaya?

Tsohon ma'aikacin kotu, Ngaundere:

Wa alaikumus salam, ɗana. A rubuce babu gardama, tsarin mulki ne a sama. Sai dai irin waɗannan yarjejeniyoyi kan ƙunshi sharuɗɗa biyu da suke kewaye shi ba tare da sun taɓa ko harafi ɗaya a cikinsa ba. Na farko, gwamnati takan yi alkawarin cewa duk dokar da za a yi daga baya ba za ta rage wa kamfanin riba ba, in kuwa ta rage sai an biya diyya. Na biyu, idan saɓani ya taso, ba a zuwa kotun Yawunde ko ta N'Djamena, sai dai a tafi gaban masu sulhu na kasuwanci a Paris ko Washington. Ƙungiyar Amnesty International ta yi wannan gargaɗi game da bututun nan tun a rahotonta na 2005.

Abin da ya fi damuna shi ne dokar da ba a taɓa rubutawa ba. Ministan da ya san cewa tsaurara ƙa'idar muhalli zai jawo wa baitulmali diyya, sai ya bar daftarin a cikin aljihun tebur. Manomin da ke noma a gefen layin bututu, wanda aka hana shi dasa itace ko yin gini a kan wannan zirin ƙasa, ba zai taɓa jin cewa akwai kariyar da ta wuce shi ba.

Malamar makaranta, N'Djamena:

Baba, na yarda da bayaninka, amma ina ganin ka nuna gwamnati ta fi yadda take rauni. A ƙarshen 2005 Cadi ta sauya dokar rabon kuɗin mai ta 1999, ta soke asusun da aka ware wa al'umma masu zuwa, duk da adawar Bankin Duniya, wanda ya fice daga aikin a 2008. A 2016 wata kotun ƙasar ta ci kamfanin mai na ExxonMobil tarar dala biliyan 74, ko da yake an sasanta a shekarar da ta biyo baya. A watan Maris na 2023 kuma gwamnati ta karɓe kadarorin da ExxonMobil ya sayar wa Savannah Energy ta mayar da su mallakar ƙasa. Wannan ba halin wanda aka ɗaure wa hannu ba ne.

Inda aka ɗaure mu da gaske shi ne bashi. A 2014 kamfanin man ƙasa ya ciyo kusan dala biliyan 1.45 ta hannun Glencore, kamfanin dillancin mai da ma'adinai, don sayen kason kamfanin Chevron a aikin man, aka kuma yi sharaɗin biya da ɗanyen mai. Tsarin mulki ya ce majalisa ce ke zartar da kasafin kuɗi, amma me ya rage mata ta zartar idan an riga an jinginar da gangunan kafin a haƙo su? Da Cadi ta nemi sassaucin bashi a farkon 2021, sai da aka kai Nuwamban 2022 kafin a cimma matsaya, domin dole sai Glencore ya amince. Mu da muke jiran albashi da allin rubutu mun san tsawon wannan jira.

Lauya, Marwa:

Malama ta taɓo inda yake yi mini ƙaiƙayi. Gwamnati da kamfani kowanne yana da wurin kai ƙara, talaka ne kaɗai ba shi da ƙofa. A Kamaru, sashe na 47 ya taƙaita masu iya ƙalubalantar doka a gaban Majalisar Tsarin Mulki ga shugaban ƙasa, da shugabannin majalisun dokoki biyu, da kashi ɗaya cikin uku na 'yan majalisa, sai shugabannin yankuna a kan abin da ya shafi yankunansu. Ita kanta Majalisar Tsarin Mulkin, wadda aka tanada tun 1996, ba a naɗa mambobinta ba sai a 2018.

Shi ya sa shari'o'inmu suke ƙarewa a ƙasashen wasu. A 2022 Glencore ya amsa laifin ba da cin hanci a ƙasashen Afirka, har da Kamaru, a gaban wata kotun Landan, kuma tarar sama da fam miliyan 280 ta shiga baitulmalin Birtaniya. Manoman Neja Delta da suka kai Shell ƙara a Holand a 2008 sai a Janairun 2021 suka yi nasara.

Saboda haka, ƙanena, tun da kana karatun shari'a, ka sa ido a kan abubuwa biyu: a tilasta wallafa kowace yarjejeniya kafin majalisa ta amince da ita, sannan a ba ɗan ƙasa damar ya ce wa alƙalin da ke sauraron shari'arsa dokar da ake hukunta shi da ita ta saɓa wa tsarin mulki. Faransa, wadda muka gaji tsarin shari'arta, ta buɗe wannan ƙofa tun gyaran tsarin mulkinta na 2008.