Neman shawara: lambobin yatsu sun rikita 'yata tsakanin fiyano, bayolin da biyola

Maman 'Yan Mata, Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah waɗanda suka san kiɗan Turawa a cikinmu ku taimaka mini. 'Yata mai shekara 13 tana koyon fiyano a makarantarsu. Bara aka sa ta cikin makaɗan makarantar, aka ba ta bayolin, gogen nan mai tsirkiya huɗu. Bana kuma aka ce babu mai riƙe biyola, yayar bayolin ɗin, sai aka mayar da ita can saboda tana da dogon hannu. Yanzu sikel, wato hawa da saukar do-re-mi da ake sa su maimaitawa kullum, ya zame mata abin kuka. Takardar fiyano ta ce 1, babban yatsa ake nufi. Takardar bayolin ta ce 1, wai manuniya ce. A biyola kuma yatsun sukan tafi yadda ta saba, amma sautin da ke fitowa ba shi aka rubuta ba. Yarinyar na son abin har cikin ranta, ba na so ta karaya. In roƙi malamin ya bar ta da guda ɗaya, ko akwai yadda za ta riƙe duka?

Baban Yara, Mile 12:
Wa alaikumus salam Hajiya. Taura biyu ba ta taunuwa, balle uku. Ga karatun boko, ga islamiyya, ga gosulon Legas safe da yamma. Ta zaɓi ɗaya kawai.

Malamin Fiyano, Yaba:
Alhaji, ina ganin a ɗan dakata tukuna. Abin da ya rikita ta ƙarami ne, kuma yana da dalili. A fiyano yatsu biyar ne ke aiki, shi ya sa babban yatsa ya zama 1, ƙarami ya zama 5. A bayolin da biyola babban yatsan hagu yana tallafe da wuyan abin kiɗan ne, ba ya danna tsirkiya, don haka ba a ƙirga shi: manuniya 1, na tsakiya 2, na zobe 3, ƙarami 4, sannan 0 na nufin tsirkiyar da ba a danna ba.

Hajiya, ta daina haddar jerin lambobi. A fiyano abu guda za ta riƙe, wato inda babban yatsa ke kutsawa ta ƙarƙashi. A sikel ɗin C mejo, wato do-re-mi da ke farawa daga sautin C, hannun dama 1 2 3 1 2 3 4 5 ne, babban yatsa na sauka a kan C da F. Hagu kuma 5 4 3 2 1 3 2 1, yatsa na 3 ke tsallake babban yatsa ya sauka a kan A. Wannan tsarin shi ne na G, D, A da E mejo, kin ga sikel biyar ke nan da tsari ɗaya. F mejo ne ke bauɗewa a dama, 1 2 3 4 1 2 3 4, saboda babban yatsa gajere ne, ba a ɗora shi kan baƙin maɓallin B-filat. B mejo kuma a hagu yake bauɗewa, ana fara shi da 4. Idan ta ɓace a tsakiya ta nemi yatsa na 4, domin sau ɗaya tak yake sauka daga C zuwa C na sama. Da ta san masaukinsa, sauran za su jeru.

Anti Mai Biyola, Surulere:
Yaya, wannan yarinyar tamu ce, don Allah kar a raba ta da biyola, masu kaɗa ta ba su da yawa. Kuma ai ba abu uku take koyo ba, biyu ne, domin hannun bayolin shi ne hannun biyola.

Tsirkiyoyin bayolin daga mai kauri zuwa siririya su ne G, D, A, E. Na biyola C, G, D, A. Uku sautinsu ɗaya ne, an dai cire E a sama an ƙaro C a ƙasa. Abin da ke faruwa da 'yarki shi ne, ta fara daga tsirkiya mafi kauri tana zaton G mejo za ta ji kamar a bayolin, sai C mejo ya fito. Yatsunta ba su yi laifi ba, mafarin ne ya gusa. Hakanan abin da ta sani a matsayin D mejo a bayolin, in ta kaɗa shi a gurbi ɗaya a biyola, G mejo ne.

Inda ya kamata ta sa ido shi ne wurin da yatsu biyu ke mannewa. A kowane sikel na mejo, sauti na 3 da na 4 suna dab da juna, haka na 7 da na 8. Ɗauki C mejo a biyola, hawa biyu, wato daga C zuwa C na sama sau biyu: a tsirkiyar C da ta G, yatsa na 2 yana manne da na 3. Da ta shiga tsirkiyar D da ta A, sai na 2 ya ja baya ya manne da na 1. Nan yawancin yara ke zamewa. Ta zauna gaban fiyanonta ta duba E da F, da B da C, babu baƙin maɓalli a tsakaninsu. Waɗannan su ne wuraren mannewar. Kin ga fiyanon ma taimakonta zai yi.

Sai rubutu. A cikin layuka biyar ɗin da ake rubuta sautuka a kansu, a takardar bayolin layin tsakiya B ne, a ta biyola kuwa C ɗin da ke tsakiyar fiyano ne, wanda yatsa na 3 ke bayarwa a tsirkiyar G. Ta rubuta sunayen sautukan da fensir a farko, tana gogewa a hankali. Biyola ta fi girma, tazarar yatsu ta fi faɗi, kada ta takura ƙaramin yatsa. In wuyan hannu ya fara zafi ta ajiye nan take, a kuma sa malamin ya duba ko biyolar ba ta yi mata girma ba.

Dattijo Mai Goge, Idi-Araba:
'Yata, ni lambobin nan ban san su ba. Gogenmu tsirkiya ɗaya gare shi, babu alama ko guda, kunne ke gaya wa yatsa inda zai tsaya. Ki sa ta rera sautin da bakinta kafin ta danna. Wanda bai ji abu a kansa ba, hannunsa ba zai same shi ba.

Anti Mai Biyola, Surulere:
Gaskiyar Baba ce. Ga ma gwaji: ta danna G da yatsa na 3 a tsirkiyar D. In ta dace, tsirkiyar G da ba ta taɓa ba za ta ɗauki rawa da kanta, sautin ya cika.

Maman 'Yan Mata, Agege:
Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Na karanta mata duka, ta gwada na Anti kuma tsirkiyar ta amsa. Saura tambaya ɗaya: malamin ya ce za su yi jarrabawa, kuma yatsun da ke littafinta sun saɓa da waɗanda ya rubuta mata a wasu wurare. Wanne za ta bi?

Malamin Fiyano, Yaba:
Ta bi na malaminta, Hajiya, ta tsaya a kai. A bayolin da biyola wasu kan yi amfani da tsirkiyar da ba a danna ba, wasu yatsa na 4, sautin kuma ɗaya ne. A jarrabawar ABRSM, hukumar jarrabawar kiɗa ta Ingila, da ka ake kaɗa sikel, kuma an yarda da duk tsarin yatsun da ya fitar da sauti mai kyau. Ki tambaye shi ko ita za su yi ko ta MUSON, ƙungiyar kiɗa ta Najeriya da ke Onikan, domin kowacce da jerin sikel ɗinta na kowane aji. Ta riƙa ɗaukar sikel ɗaya a rana, a ce G mejo, ta yi shi a fiyano hannu ɗaya-ɗaya a hankali, ta huta, sannan ta yi shi a biyola daga tsirkiyar G.