Pâques da Hausa: me za mu rubuta a ƙyallen bana?

Salama gare ku 'yan'uwa. Ku taya ni warware wata magana da ta riƙe mu a taron matasa jiya har aka kira sallar isha'i a masallacin bayanmu. An ɗora mini aikin ƙyallen da za a rataya a ƙofar majami'a, dattawa kuma sun ce bana da Hausa suke so. Mai fenti a Zango ya riga ya karɓi jaka uku kafin alƙalami, ni yake jira. Kalma ɗaya ce ta tsaya mini a wuya: Pâques, sunan Faransanci na idin da muke tuna tashin Yesu daga matattu.

A baki ba mu da damuwa. Mu 'yan Damagaram "Pak" muke cewa, yadda muka ji a lakwal. Waɗanda suka zo daga Najeriya su ce "Ista". Maƙwabta kuwa in sun ga an kai ɗinki wurin tela sai su ce, "Sallarku ta matso ke nan." Duk muna gane juna. Amma in na rubuta PAK da manyan baƙaƙe, ɗan kabu-kabun da ya gifta ya karanta, me ya tafi da shi? Ba komai.

Wanda ya fara ba da shawara malaminmu ne na makarantar Lahadi. Ya ce a sa Idin Ƙetarewa, tunda yana cikin Littafi Mai Tsarki. Gaskiyarsa ta wani gefe: Pâques daga Pesah na Ibrananci ta fito, ta bi ta Helenanci da Latin kafin ta iso Faransanci, labarinta kuma yana Fitowa sura 12, daren da aka shafa jinin ɗan rago a dogaran ƙofa, mai hallakarwa ya ƙetare gidajen Isra'ilawa a Masar. Sai dai wannan sunan idin Yahudawa ne, wanda Yesu da kansa ya ci tare da almajiransa. Faransawa sun raba biyun da harafin s guda, wanda ba a ma furta shi: Pâque na Yahudawa, Pâques namu. Mu ba mu da wannan dabara, in mun ce Ƙetarewa mun tsaya a Masar.

Daga nan ni na kawo tawa, ina ji da ita: Idin Nasara. Ai abin da muke murna a kai ke nan, an ci nasara a kan zunubi da mutuwa. Matasa har sun tafa.

Wani dattijonmu da bai ce uffan ba tun farko ya ce, "Ɗana, rubuta mini a allo in gani." Na rubuta. Ya ce, "To karanta kamar kai ba ɗan majami'a ba ne."

Sai jikina ya yi sanyi. A baki, nasarar da ake ci daban take da Nasaran da yara ke bi a titi suna kira anasara, amma a rubuce baƙaƙen iri ɗaya ne. Mai wucewa "idin Turawa" zai karanta. Tun da 'yan mishan suka sauka garin nan a 1924, lokacin Zinder, wato Damagaram, ce babban birnin ƙasa kafin a koma Yamai a 1926, ake ce wa iyayenmu sun bi addinin Nasara. Shekara ɗari ke nan muna cewa mu 'yan ƙasa ne, da tuwon hatsi aka yaye mu. Yanzu kuma mu biya mai fenti da kuɗinmu ya rubuta mana gorin a ƙofa? Na goge allon da hannun rigata.

Wata yayarmu ta zumuntar mata ta rubuto mini da safe ta ce, "Ƙanena, me ya hana Idin Fansa?" Yaya, kalmar tana da nauyi, kuma tamu ce tun kaka da kakanni. A da bawa yakan tara abin da zai fanshi kansa, yau kuma ba wanda bai san kuɗin fansa ba. In an ce Almasihu ya fanshe mu, kowa ya gane an biya abin da ba mu iya biya. Amma akwai ɗaukar fansa. Wanda yake garin nan ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015, da aka ƙona majami'u, ya san abin da nake gudu. Mun tsaya a gaban Allah mun ce mun yafe, kuma da gaske muke. Ba zan rataya kalmar da wani zai karanta ya ɗauka muna ƙirga kwanaki ba.

Idin Gafara ya fi kwanciya a kunne, har na kusa amincewa. Ga abin da ya tsayar da ni.

A unguwarmu akwai mai tebur da ke da wani tsohon littafi, bangonsa duk maiƙo, inda yake rubuta bashin sukari da sabulu. Wata shekara da abubuwa suka tsananta a gidanmu, shafinmu ya cika har ya zagaya baya. Ran nan ya kira ni, ya buɗe shafin a gabana, ya ja layi biyu daga sama har ƙasa, ya ce, "Ka gaida Mama." Na koma gida kamar an sauke mini buhu daga ka. Manzo Bulus ya yi irin wannan misali a Kolosiyawa 2, takardar bashin da ke kanmu an soke ta, an kafe ta a gicciye. Wannan ita ce gafara.

Amma bayan kwana uku mun sake buɗe sabon shafi, don abin da ya kai mu cin bashin yana nan bai gusa ba. To haka zunubi yake. Ana iya yafe wa mutum na jiya, gobe ya koma, domin abin yana da iko a kansa. Abin da ya faru ranar Lahadi, da Almasihu ya tashi, shi ne karya wannan ikon. Shi ya sa a 1 Korintiyawa 15 aka ce in Almasihu bai tashi ba, bangaskiyarmu banza ce, muna nan cikin zunubanmu. Romawa 6 kuma ta ce an binne mu tare da shi domin mu yi tafiya cikin sabuwar rayuwa. Gafara ta ɗauki Juma'ar da aka gicciye shi sosai, amma ta bar rabin Lahadi a waje.

Saboda haka ga inda na tsaya: Idin Tashin Almasihu. A taƙaice, Idin Tashi.

Na zaɓi idi don shi Littafi ya saba amfani da shi, biki kuma sai a zaci aure ne ko suna. Tashi kuwa ya faɗi abin da ya auku kai tsaye, gafara da nasara duka daga cikinsa suka fito. Na san za a yi ba'a. Tuni wani abokina ya ce, "Idin Tashi? Motar Magarya ce ta cika?" Shi ya sa a ƙyalle za a rubuta cikakken sunan, a bar gajeren wa baki.

Abin da ya ƙara kwantar mini da rai, gaisuwar ma muna da ita tuntuni. Kowace safiya Mama takan ce mini "barka da tashi" tana hura wuta. Ranar idin, da asuba, kafin zafin Afrilu ya buɗe, za mu faɗa wa juna ita a ƙofar majami'a, mai amsawa ya ce, "Hakika ya tashi."

Mai gyara ya kawo kafin gobe da la'asar. Mai fenti ya ce sunan ya yi tsawo, ƙyallen yadi uku ba zai ɗauka a layi ɗaya ba, sai dai a ƙara yadi ko a raba shi biyu. Na ce ya raba.