Layi yana yankewa in KMail na tura babban saƙo

Assalamu alaikum 'yan uwa, a taimaka mini. Ina amfani da Debian da KDE, modem ɗina na waje ne, a /dev/ttyS0. KPPP, manhajar shiga intanet ta layin waya, yana kiran lamba ya haɗu lafiya lau, saƙonni ma suna saukowa ta POP3. Matsalar sai na zo tura wasiƙa mai hoto a KMail, manhajar imel ɗina: fitilar SD ta modem, mai nuna fitar bayanai, ta yi ta ƙyaftawa, can sai layi ya mutu, pppd, shirin da ke riƙe da haɗin, ya ba da lambar kuskure 15, wato ɗaya ɓangaren bai amsa saƙonnin gwajin layi (echo) ba.

A fayil ɗin saitin pppd, /etc/ppp/options, na ga lcp-echo-interval 30 da lcp-echo-failure 4, wato a gwada layi duk daƙiƙa 30, a yanke in an rasa amsa sau 4 a jere. Zargina ya fi karkata nan, don ƙananan saƙonni suna wucewa sumul. In ƙara lambobin nan ne, ko in kashe gwajin gaba ɗaya? Ko kuwa saitin CRTSCTS, mai daidaita kwararar bayanai tsakanin kwamfuta da modem, zan duba?