Hoton kyanwa: ta fito tar, bayanta ya dushe

Abin da masu ɗaukar hoto suka fi nanatawa a wata hira kan yadda ake dusar da baya a hoton kyanwa shi ne tazara. Ka matso kusa da kyanwar, ita kuma a nisanta ta da bango. In ta jingina da katanga, ko ka buɗe gilashin kyamara na 50mm zuwa f/1.8, wato buɗewa mai faɗi da ke dusar da baya, tubalin zai fito raɗau. Ka durƙusa daidai tsayinta, ka saita kyamara kan idon da ya fi kusa da kai. Mage ba ta jiran kowa, saboda haka kada saurin ɗauka ya gaza 1/500 na daƙiƙa.

Masu waya kuwa sun koka da tsarin Portrait, wanda ke dusar da bayan hoto da kansa, wai yakan cinye gashin bakinta. Ni dai a hasken la'asar a tsakar gida na fi samun sa'a.