'Yata ta shiga aji 11 a Amurka, takardun makaranta sun rikita ni

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah waɗanda suka riga mu zama ƙasar nan ku fitar da ni daga duhu. Shekararmu biyu a Maryland, Hanifa kuma ta shiga aji 11 bana. Ranar da ta ce min ita yanzu juniya ce sai gabana ya faɗi, na ɗauka baya aka mayar da ita, don a Kano juniya ai ƙaramar sakandare ce. Ashe SS2 ɗinmu ke nan. To tun da aka koma, kullum da takardar da za ta shigo da ita. Jiya wani ɗan littafi mai ƙyalli ta kawo, cike da hotunan zobba, wai zoben aji, ana zana sunan makaranta da shekarar gamawa a jiki. Wanda ta zaɓa ya haura dala 300. Ga jarrabawar PSAT a Oktoba, wai ta share fagen jarrabawar shiga jami'a ce. Ga kuma babbar magana, bikin rawar nan na 'yan sakandare da suke kira prom, wanda sai watan Mayu za a yi amma tun yanzu ita da ƙawayenta suna ta tura wa juna hotunan riguna. Babanta ya ce kada ma a sake yi masa zancen. Ita kuma ta shige ɗaki, ko tuwon dare ba ta taɓa ba. Wanne ne dole a ciki, wanne zan iya cewa a'a?

Baban Sadiq: Wa alaikumus salam Hajiya. Zobe da biki duk ba dole ba ne. Abin da nake so ki sa wa ido shi ne karatun bana. Yara suna tura takardun neman jami'a ne a farkon aji 12, saboda haka sakamakon aji 11 shi ne na ƙarshe cikakke da jami'o'i za su gani. PSAT ɗin nan kada ki raina ta, da ita ake tace masu neman tallafin karatun jami'a na National Merit, kuma ta aji 11 kaɗai ake ƙirgawa. Bayan ta sai SAT, jarrabawar neman shiga jami'a, makinta daga 400 zuwa 1600, tun 2024 a kwamfuta ake yin ta. Idan tana ɗaukar darussan AP, wato na matakin jami'a da ake koyarwa a sakandare, jarrabawarsu a Mayu take, maki 1 zuwa 5, wasu jami'o'in ma suna ɗauke wa yaro kwas idan ya ci da kyau. Ni da Sadiq na yi sakaci, sai a aji 12 muka farka, muka dinga gudu kamar an biyo mu. Ki nemi ganin malamar da ke ba ɗalibai shawara a makarantar cikin satin nan, ki kuma tambaye ta batun yafe kuɗin SAT ga iyalai masu ƙaramin ƙarfi.

Anti Bilki: Zoben nan ki bar kuɗinki. Na babbar 'yata yana nan cikin gwangwanin allura da zare, sau uku ta saka shi.

Umman 'Yan Biyu: Ni dai a maganar bikin nan ina bayan Alhaji baban Hanifa. Rawa ce ta maza da mata cikin dare, kowa da wanda ya ɗauko shi, in an tashi kuma wasu su zarce wani wurin. Nawa ba su je ba, kuma ga su nan lafiya lau.

Fa'iza: Umma gaskiyarki, amma ku ba ni dama in faɗi yadda abin yake daga ɓangarenmu, don a nan na yi sakandare. Mama, ba rawar ce ke damun Hanifa ba. Wata biyu kafin bikin ba a wata hira a teburin cin abinci sai tasa, ranar Litinin ɗin da ta biyo baya kuma kowa hotuna yake nunawa. Ke kina zaune da faranti a gabanki ba ki da ta cewa. Ga ki baƙuwa, ga hijabi, dama kina fama da neman wurin zama. Abin da ya cece ni ƙungiyar ɗalibai Musulmi ce ta makarantarmu. Mu tara muka haɗa kuɗi, muka kama ɗakin taro na masallaci a daren, mata zalla, aka yi lalle, na ci ado da leshin da Gwaggo ta aiko min daga Zariya, iyayenmu mata suka kawo dambun nama da waina. Ba mu muka fara ba, a garin Hamtramck na jihar Michigan 'yan mata sun shirya irinsa tun 2012. Idan babu ƙungiyar a makarantarsu tana iya kafawa, akwai dokar tarayya ta 1984 da ta hana makarantar gwamnati ware ƙungiyar addini in har ta yarda da sauran ƙungiyoyin ɗalibai. Kuma Baba zai ji daɗin wannan: yarinyar da ta kafa ƙungiya ta shirya taro da kanta ta samu abin rubutawa a takardar neman jami'a.

Umman 'Yan Biyu: In mata zalla ne kuma a masallaci, ai ni ma sai in zo da zoɓo.

Baban Sadiq: Na manta, Hanifa ta fara kyautata hulɗa da malamai biyu na bana. Su ake roƙa su rubuta mata takardar shaida, kuma masu wayo tun kafin hutun Yuni suke tambaya.

Maman Hanifa: Allah ya saka da alheri, ya raya mana zuri'a. Na samu ganin malamar ranar Alhamis da ƙarfe uku. Fa'iza 'yata, na karanta wa Hanifa saƙonki, ta ce su huɗu ne masu hijabi a ajinsu, ɗaya 'yar Somaliya, biyu 'yan Pakistan. Ta fito ta ɗumama tuwon. Zoben ne dai har yanzu take cewa ko na azurfa mai arha. Babanta sai ya dawo daga aikin dare zan tare shi da maganar.